Jijjiga ta raba ni da ɗan fari, alhali alamominta suna rubuce a katin awona

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta labarin nan amma duk sanda na ɗauki waya sai zuciyata ta karye in ajiye. Yau dai na daure, saboda mata masu ciki da mazajensu da iyayenmu mata, da kuma ma'aikatan asibiti in Allah ya sa wani a cikinsu ya ci karo da shi. Ba zan kama sunan kowa ba, sunan asibitin ma ba zan faɗa ba, don ba tonon silili ne ya kawo ni ba.

Ni 'yar Kano ce, a cikin gari aka haife ni, a gidan yawa na tashi. A gidanmu in aka kai ka asibiti to ba kai ne mai magana ba, wanda ya kai ka shi zai yi bayani, likita ya rubuta, a biya kemis a sayi magani a dawo gida shikenan. Ban taɓa jin Ummanmu ta tambayi likita wane ciwo ne wannan ko maganin nan me yake yi a jiki ba, in ma yaro ya buɗe baki sai a harare shi ace ka fi likita sani ne? Haka na girma, na gama sakandare aka yi min aure. Ga kuma kunyar cikin fari da kowace Bahaushiya ta sani, ba kya nuna kina da ciki, ba kya ƙorafi a gaban manya, ko me kike ji sai dai ki cije.

A 2017 na samu ciki. Wata huɗu na fara zuwa awo a wani asibitin gwamnati kuma ban taɓa fashi ba. Wadda ta taɓa zuwa awo ta san yadda abin yake, ki yi sammako ki kama layi, mata maƙil a kan benci wasu a ƙasa sun shimfiɗa ɗankwali, nas tana gaba tana lacca amma in kina baya ba abin da kike ji sai tafi in an zo waƙa. Ki hau sikeli, ki miƙa fitsari a 'yar kwalba, a ɗaura miki abin gwada jini a hannu a matsa, ta rubuta a kati, tace na gaba. Ni a lokacin katin nan ɗauka nake na su ne, aikina kawai in adana shi kar ya ɓace kar ya jiƙe.

Da cikin ya shiga wata bakwai, ranar wani awo nas ɗin ta gwada jinina sai ta sake gwadawa, ta kalli ƙafata ta danna ƙaurina da babban yatsa, wajen ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Ta ɗauki jan biro ta rubuta, tace "jininki ya ɗan hau, ki rage gishiri, ki shiga ki ga likita." Likitan ko ɗagowa bai yi ba don bayana layi ne har waje, ya rubuta min Aldomet, wasu 'yan ƙwayoyi rawaya, yace sau uku a rana, in dawo bayan sati biyu. Iya maganar da aka yi da ni kenan. Na sha maganin yadda aka ce, yana sa ni kasala da barci amma ban tsallake ba, gishiri kuma na rage.

Kafin ranar komawar ta zo fuskata ta kumbura, in na tashi da safe idona da ƙyar yake buɗuwa, zoben hannuna ya ƙi fita. Ciwon kai ya sako ni gaba irin wanda Panadol ba ya taɓa shi, in na kalli bango sai in ga wasu abubuwa suna walwali suna gilmawa. Sai kuma wani ciwo a ƙahon zuciya ta wajen haƙarƙarin dama, nace olsa ce. Da na ɗan yi wa Hajiya, mahaifiyar maigidana, maganar kumburin cikin jin nauyi sai tayi murmushi tace ai al'adar ciki ce, wataƙila ma namiji ne. Ba da mugunta ta faɗa ba wallahi, iya abin da ta sani kenan, ita ma haka aka faɗa mata. Ni kuma an ce in dawo bayan sati biyu, to sai na zauna jiran ranar.

Abin da ya faru a daren ba na tunawa, labari aka ba ni. Wai na tashi zan shiga bayi sai na faɗi, jikina ya sandare ya kama jijjiga, na tauna harshe jini yana fita ta baki. Gida ya rikice, aka fara tofi, aka turara hayaƙi, ana shafa min man habbatussauda ana cewa iska ce. Wata maƙwabciyarmu dattijuwa da 'yarta ta taɓa yin irin haka ita ce ta shigo ta ɗaga murya tace ku bar wannan, jijjiga ce, ku nemi mota yanzun nan. A adaidaita sahu aka kai ni.

Na farka na ganni a gado, ƙarin ruwa a hannu, robar fitsari a jiki, harshena ya kumbura ba na iya magana sosai, cikina an liƙe shi da filasta. Bayan 'yan awanni sai a zo a juya ni a yi min wata allura a ɗuwawu mai azabar zafi, jikina gaba ɗaya ya ɗau ɗumi. Nas ta zo ta buga min ɗan guduma a gwiwa, ta tsaya tana kallon ƙirjina tana duba agogo, ta ɗaga jakar fitsarin ta duba ta rubuta ta wuce. Ban san me ake nema ba, ban san me ake zuba min ba. Da na iya haɗa magana nace ina jaririn? Umma tace yana ɗakin jarirai. Na tambayi maigida yace yana can ana kula da shi, ya sunkuyar da kai. Na tambayi nas tace ki kwantar da hankalinki tukunna Hajiya.

Ashe duk sun haɗa baki ne kar a faɗa min, wai kar jinina ya ƙara hawa. Nonona ya ciko yana zuba yana jiƙa min riga, ina ta roƙo a kawo min shi ko sau ɗaya in ba shi. Wata tsohuwa mai jinyar 'yarta a gadon kusa da ni ce ta matso da yamma ta dafa ni tace "sannu yarinya, Allah ya ba ki haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne." A bakinta na ji. Namiji ne, an fito da shi ba rai, kuma tun ina kwance ban san inda kaina yake ba aka kai shi makwancinsa. Ban ga fuskarsa ba. Na yarda da ƙaddara, Allah ne ya ba ni kuma shi ya karɓa, amma har gobe in na tuna yadda kowa a ɗakin nan ya sani, har masu jinyar wasu sun sani, ni uwarsa ina kwance ina tambaya ana kallona, sai in ji wani abu ya tokare min wuya. Na san tausayina suka ji. Amma da wata nas ko likita ta ja labule ta zauna, ta kira Umma ta riƙe min hannu aka faɗa min, da ciwon bai kai haka ba, kuma da ban daina yarda da maganar kowa a ɗakin ba, don daga ranar ko ce min aka yi jinina ya sauka ba na gaskatawa.

Da safe likitoci su shigo zagaye, babba a gaba ɗalibai a baya, su tsaya a ƙafar gado suna Turanci. Na yi makaranta ina jin Turanci daidai gwargwado, amma nasu daban ne. A ɗaga min zani a duba ɗinki ba a ce min ko sannu za mu duba ba, ga maza ga masu jinya suna wucewa. Sai in ji ni kamar mota a gareji makanikai sun kewaye ta suna shawara. Takardar aikin tiyatar da aka yi min maigida ne ya sa hannu, wannan ban ga laifin kowa ba don ba na cikin hayyacina kuma rai ake ƙoƙarin cetowa. To amma bayan na farfaɗo fa? Ai ina ji ina gani.

Kar a ce ban yi adalci ba, mutanen nan da ikon Allah su suka ceci rayuwata. Akwai wata sista da ta kwana ita kaɗai a kan ɗaki guda cike da mata, aka ɗauke wuta ta riƙe fitilar waya a baki tana gyara min ƙarin ruwa. Ina yi mata addu'a har yau. Aikin hannu sun yi shi. Magana ce ba a yi da ni ba, tun daga ranar jan biron nan har ranar da aka sallame ni da takardar magani aka ce in dawo a duba ɗinki.

Na koma gidanmu jego ba jariri. Saboda ɗinki aka ɗaga min wankan ruwan zafi, amma kunun kanwa kam kullum sai an dama min, wai yana gyara jiki, ni kuma ciwon kai ya ƙi barina. Surutai kuwa ba irin wanda ban ji ba, wasu suce iska ce tun ta gidanmu, wasu suce hannu aka sa min, wata ma cewa tayi ai 'yan matan yanzu ragwaye ne sai an yanka su. Ni kuma a raina ƙwayoyin nan rawaya nake zargi, ina ganin su suka kashe min ɗa, da hannuna na haɗiye su. Shekaru na yi da wannan tunanin ban faɗa wa kowa ba. Maigida shi ma ya koma shiru-shiru, sai daga baya yake faɗa min kullum tunaninsa lokacin da aka ɓata ana hayaƙi. In na ji ana guɗar haihuwa a unguwa sai in shige ɗaki, ciki kuwa tsoronsa nake kamar me.

A 2021 Allah ya sake ba ni. Ranar da na tabbatar kuka na yi, ba na murna ba. Muka canza asibiti, shi ma na gwamnati ne, layin iri ɗaya, bencin iri ɗaya, zafin ma haka. Wata ungozoma ce, babbar mace mai furfura a goshi, tana duba ni ta ga tabon aiki tace "'yata me ya sa aka yi miki tiyata?" Nace jijjiga aka ce. Tace an yi miki bayanin abin da ya kawo ta? Nace a'a. Ta ɗan yi shiru, tace tsohon katin yana nan? Nace yana gida. Tace gobe ki zo da shi, ki bari sai layi ya ragu ki same ni.

Washegari ta buɗe katin a kan tebur ta juyo shi ta wajena. Ta sa yatsa a kan rubutun jan biron, 150/100, a gefe kuma wajen fitsari alamar tarawa guda biyu. Tace duk mai cikin da jininta ya kai 140/90 to ya hau, in ya kai 160/110 wannan ba a kwana da shi a gida. Alamar tarawar nan kuma tana nufin ƙoda ta fara zubar da furotin a fitsari, in suka haɗu da hawan jini bayan ciki ya wuce sati 20 to matakin da ke gaban jijjiga kenan. Tace tushen abin daga mabiyiya yake, yadda ta kama jikin mahaifa tun farkon ciki, ba iska ba ce, ba hannu ba ne, ba kuma wani abu da na ci ko na ƙi ci ba. Maganin sauke jini yana rage haɗari ne kawai, ciwon ba ya tafiya sai an raba uwa da cikin, kuma ko bayan haihuwa yana iya tasowa har sati shida. Ta lissafa min alamomin da in na ga ko ɗaya in taho ko ƙarfe nawa ne, ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walwali, ciwo a ƙahon zuciya, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, ko motsin yaro ya ragu. Tana faɗa ina ƙirgawa a raina, kusan duka na yi su, ina zaune a gida ina jiran ranar komawa.

Nace mata anti, ƙwayoyin nan rawaya fa, ba su ne suka kashe shi ba? Ta kama hannuna tace wallahi a'a, maganin nan an daɗe ana ba masu ciki shi. Ban san sanda na kifa kai a teburinta ba. Ta bar ni na yi kukana, sannan tace to share hawayenki, yanzu ki ɗauka ni ce maigidanki kin koma gida, maimaita min abin da na faɗa miki. Na maimaita, inda na manta ta gyara min, ta sa na sake. Har allurar ɗuwawun nan ta yi min bayani, sunanta magnesium sulphate, ita ke hana jijjigar dawowa, buga gwiwa da ƙirga numfashi da auna fitsari kuma don a tabbatar ba ta yi wa jiki yawa ba ne. Da na sani a lokacin ai da ban ji tsoronsu haka ba.

Likita ya ɗora ni a kan ƙaramin asfirin kullum da daddare tun ciki yana wata uku, da ƙwayar kalsiyam, ya faɗa min amfaninsu, ya kuma ja min kunne kar in ba wata tasha don ba kowace mai ciki ake ba ba. Sai ya tambaye ni wa nake so a kira a yi wa bayani tare da ni. Ba a taɓa yi min irin wannan tambayar a asibiti ba. Nace maigida da Hajiya. Ranar da suka zo ungozomar nan ta ba Hajiya kujerarta, ta gaishe ta da girmamawa tace Hajiya mu a nan sau ɗaya muke ganinta a sati, ke ce kike tare da ita, in kin ga fuskarta ta canza ke za ki fara gani. Ta kawo maganar kanwa a hankali, tace kanwa 'yar uwar gishiri ce wajen tayar da jini, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da ciwon zuciya a wajen masu jego da suke yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Hajiya ta jinjina kai tace to ai mu ba a taɓa faɗa mana ba. Daga ranar ita ce mai tuna min magani.

Maigida ya sayo na'urar gwada jini ta batir, safe da yamma ina gwadawa ina rubutawa a littafi, in na je awo in miƙa su duba. A sati na 34 wata rana da daddare na ga lambar ta haura kuma kaina ya fara sarawa, ba mu tsaya shawara da kowa ba muka fita. Aka ba ni gado. Wannan karon duk abin da za a yi min sai an faɗa, in kuma wani ya zo da sauri zai wuce sai ince dan Allah likita yau nawa jinin, wannan allurar ta mece ce? Akwai masu ɗaure fuska, amma yawanci suna amsawa. Da aka kusa sati 37 likita ya zauna a bakin gado ya shimfiɗa min zance, ga abin da zai iya faruwa in an jira naƙuda da tsohon ɗinki da wannan jinin, ga na tiyata, shi dai tiyata ya fi kwanta masa amma yana son jin ta bakina. Nace a yi aikin, amma ina roƙon abu biyu, in zai yiwu a yi min allurar baya kar a sa ni barci, sannan duk abin da ya samu yaron mai daɗi ko marar daɗi ni za a fara faɗa wa. Ya rubuta a fayil a gabana. Da hannuna na sa hannu a takardar.

Ina ji ina gani aka ciro ta, mace, ta tsala kuka, nas ta kawo ta ta manna min a kumatu da ɗuminta. Yanzu haka tana nan tana zuwa islamiyya.

Daga baya ƙanina da yake karatun lauya yake nuna min ashe ma doka ce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 23, ta ce ma'aikacin lafiya ya sanar da marar lafiya halin da yake ciki da hanyoyin maganin da ake da su da amfaninsu da haɗarinsu, kuma gwargwadon iko da harshen da yake ji, a duba matakin karatunsa. A 2018 kuma mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin marasa lafiya. Na taɓa ganinta manne a bangon wani asibiti, da Turanci, mata suna zaune a ƙarƙashinta rabi ba su iya karanta ta ba. Ni dai a ganina takarda a bango ba za ta yi aikin da ungozomar nan tayi ba, ita kuma ba wai ta fi waccan nas ɗin lokaci ko kayan aiki ba ne, cunkoson ɗaya ne, 'yan mintuna ta ware min. Na san ma'aikata sun yi kaɗan, na san suna gajiya, wasu an tafi waje an bar su da aikin mutum uku. Amma a lacca ta ranar awo in aka rage waƙa aka faɗi alamomin nan da Hausa da lasifika, aka ce wa wadda aka rubuta wa jan biro kar ki jira ranar dawowa in kin ga kaza, wannan ba ya cin kuɗi.

Ni har yanzu ina gwada jinina lokaci-lokaci, don likita yace wadda ta taɓa yin wannan ciwon ta fi saurin kamuwa da hawan jini in shekaru suka ja, kuma 'yan uwanta mata su ma a sa musu ido. Matan unguwa sukan kawo min katinsu in duba musu, ni ba likita ba ce ba na ba kowa magani, lambar kawai nake nuna musu ince koma ki tambaya, in kina jin nauyi mu je tare.

Ƙanwata da muke ciki ɗaya tana ɗauke da cikin fari yanzu, wata bakwai. Satin da ya wuce ta dawo daga awo ta biyo ta gidana, na karɓi katin na ga 150/95, nace me suka ce miki? Tace sun ce in rage gishiri. Nace kanki yana ciwo? Ta sunkuyar da kai tace tun shekaranjiya Yaya. Ko mayafinta ban bari ta cire ba, na kira mijinta muka koma. An sake gwada fitsarin an ga furotin, an ba ta gado, likitan ya yi mata bayani ita da mijin kuma na sa ta maimaita a gabansa. Tana can kwance ana lura da ita, suna so cikin ya ƙara ƙwari kafin su yanke shawarar ranar da za a cire. Dan Allah duk wanda ya karanta ya saka ta a addu'a, Allah ya sauke ta lafiya.